Aikin jin daɗin jama'a: sana'a ce ko rabon tallafi?

Tambaya: An ba ni gurbin karatu a sashen Soshiyal Wok, wato aikin jin daɗin jama'a. Duk wanda na gaya wa sai ya ce ai wannan rabon kayan tallafi ne, ba sai an je jami'a ba. Don Allah mene ne ainihin aikin, me ake koyarwa, kuma sana'a ce ta gaske?

Amsa: 'Yar'uwa, barka da samun gurbi. Masu ce miki rabon tallafi ne gefe ɗaya suka leƙa. Tallafi yana shigowa cikin aikin kamar yadda ɗaure rauni yake shigowa cikin aikin likita. Amma abin da za a shafe shekaru ana horar da ke a kai shi ne yadda za ki zauna da mutumin da rayuwa ta cije masa, ki gano inda ta cije, ki auna haɗarin da yake ciki, ku tsara mafita tare, sannan ki iya kare hukuncin da kika yanke a rubuce, ko a gaban shugabanki ko a gaban alƙali. Wannan na ƙarshen ne yawancin mutane ba su sani ba.

Ɗauki yaro ɗan shekara goma da ya daina zuwa makaranta. Malaminsa rashin zuwa yake gani, sai ya aika wa iyaye takarda. Likita ya ga rama, sai ya rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam zai nemi abin da ke cin yaron a zuci. Kowannensu yana kan daidai a fagensa. Ma'aikacin jin daɗin jama'a kuwa tambayarsa ita ce: su wa ke cikin gidan nan, wa ke ciyarwa, wa ke kwance, wa ke rainon ƙanana? Sai a tarar uwa ce ciwo ya kwantar, uba ya rasa aiki ya tafi nema, yaron ne ke riƙe da ƙanne biyu. Kin ga idan aka tilasta masa komawa aji ba a taɓa sauran ba, an bar ƙannen nan ba mai duba su. Wannan duban mutum haɗe da abin da ya kewaye shi, iyali da makaranta da wurin aiki da doka da talauci, shi ne ƙashin bayan fannin. Shi ya raba shi da ilimin halayyar ɗan Adam da ilimin zamantakewa, duk da cewa yana ɗiba daga kowannensu.

Taimakon marayu da gajiyayyu ya girmi kowace jami'a, addinai da al'adu sun daɗe da shi. Sana'ar ce sabuwa. Biranen masana'antu na ƙarni na 19 suka haife ta, da rassa biyu waɗanda har yau ba su gama jituwa ba. Reshe na farko ya fito daga ƙungiyar tsara sadaka da aka kafa a Landan a 1869. Masu ita sun ga ana ba da sadaka barkatai, wani ya karɓa wuri biyar wani bai samu ko ɗaya ba, sai suka ce a riƙa zuwa gida, a bincika, a rubuta. Akwai raini a cikin tsarin nasu, domin sun raba talakawa gida biyu, wanda ya cancanci taimako da wanda bai cancanta ba. Duk da haka daga wurinsu aka gaji ziyarar gida da buɗe fayil. Mary Richmond, wadda ta fara aiki a irin wannan ƙungiya a Baltimo ta Amurka, ita ce ta mayar da binciken ilimi mai ƙa'ida a littafin da ta fitar a 1917: yadda ake tattara bayani daga mutum da danginsa da makaranta da asibiti, da yadda ake auna wanne ne abin dogaro.

Reshe na biyu ya ce a duba unguwa da albashi da doka kafin a ɗora wa talaka laifi. A 1884 aka buɗe Toynbee Hall a gabashin Landan, inda 'yan jami'a suka tare cikin unguwar talakawa suna zaune da su. Jane Addams ta je ta gani, ta koma ta kafa Hull House a Shikago a 1889 tare da Ellen Gates Starr. Mazauna gidan sun bi unguwa gida-gida suna rubuta abin da kowane iyali ke samu, suka yi amfani da alƙaluman wajen matsa wa hukuma lamba. Suna cikin waɗanda suka sa aka taƙaita aikin yara a masana'antu a jihar Ilinoi a 1893, aka kuma buɗe kotun yara ta farko a Shikago a 1899. Addams ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1931. Duk sashen da za ki shiga, za ki tarar da malamai masu jinin Richmond da masu jinin Addams, kuma ma'aikaci nagari yana buƙatar dukansu.

Koyarwa ta biyo baya da sauri: kwas na mako shida a Niyok a 1898 wanda daga baya ya zama makarantar fannin a jami'ar Kolombiya, makaranta a Amstadam a 1899, wadda Alice Salomon ta buɗe a Balin a 1908, ta Tata a Indiya a 1936. Tambayarki ta ko sana'a ce, an yi ta a bainar jama'a tun 1915, lokacin da aka gayyaci Abraham Flexner, mutumin da ya yi suna wajen gyara karatun likitanci a Amurka, ya yi magana a taron ma'aikatan. Ya dubi idonsu ya ce a'a. Hujjarsa ita ce ba su da wata dabara tasu ta kansu da za a iya koyar da ita, aikinsu haɗa mutum da likita ko lauya ne kawai. Maganar ta yi musu ciwo, ta kuma yi musu amfani, domin shekarun da suka biyo baya sun tafi wajen gina abin da ya ce babu. Yau akwai digiri na farko har zuwa na dakta, akwai kundin ɗa'a, akwai hukumomin rajista. A Ingila tun 2005 laifi ne mutum ya kira kansa da sunan wannan aiki ba tare da rajista ba, a Afirka ta Kudu ma sai da rajista, a jihohin Amurka kuma da lasisi. Ma'anar da ƙungiyoyin duniya na fannin suka amince da ita a Melbon a 2014 ta kira shi abu biyu a haɗe, sana'a ta aiki da kuma fannin ilimi, ta dasa shi kan adalci a cikin al'umma, da haƙƙin ɗan Adam, da ɗaukar nauyin juna, da girmama bambancin mutane. Dokar rajista ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, sai ki duba ta ƙasarki tun kina aji ɗaya.

Yanzu aikin kansa. Kes, wato matsalar mutum ko iyali da aka kawo wa ma'aikaci, yakan zo ne ta hanyar wani: asibiti, makaranta, 'yan sanda, maƙwabci, ko mutumin da ƙafarsa. Hukunci na farko shi ne na gaggawa: akwai wanda ransa ko jikinsa ke cikin haɗari yau? A tsarin kare yara na Ingila ana so a yanke shawarar matakin da za a ɗauka cikin ranar aiki ɗaya da samun rahoto, a kuma kammala cikakken bincike cikin kwanakin aiki 45. Idan babu gaggawa sai a shiga zama na farko, kuma a nan sabbin ma'aikata suke yawan ɓata rawarsu da tsalle. Suna shiga da fom a hannu, tambaya na bin tambaya, mutum ya ji kamar a caji ofis yake, ya rufe bakinsa. Abin da ya kamata ki fara da shi shi ne ki faɗi ko ke wace ce, wa ya turo ki, me za ki iya yi, me ba za ki iya ba, da kuma iyakar sirri. Sannan ki yi tambaya buɗaɗɗiya, irin su “ba ni labarin yadda abin ya fara”, ki yi shiru. Shirun nan fasaha ce da ake koyo.

Bincike ne zuciyar aikin. Idan yaro ne, ana duba kusurwa uku: abin da yaron yake buƙata a shekarunsa ta fuskar lafiya da karatu da tarbiyya, iyawar masu riƙonsa wajen biya masa wannan buƙata, da yanayin da iyalin ke ciki, wato muhalli da kuɗin shiga da dangi. Akwai zane biyu da za su zame miki abokan aiki. Na farko zanen zuri'a ne, ana sa murabba'i ga namiji, da'ira ga mace, a soke wanda ya rasu, a ja aƙalla zuriya uku. Cikin minti ashirin sai ki ga abin da hira ta awa biyu ba ta fitar ba: mutuwar aure da ke maimaita kanta, ko wata gwaggo da kowa ke gudu wurinta idan an shiga matsi. Na biyu taswirar alaƙa ce da Ann Hartman ta ɓullo da ita a 1975. Ana sa iyalin a tsakiya, a kewaye su da makaranta da asibiti da wurin ibada da wurin aiki da abokai, a ja layi mai kauri inda alaƙa ke da ƙarfi, ɗigo-ɗigo inda take da rauni, mai karce inda ake rikici. Iyalin da taswirarsu ta fito kusan fayau, kaɗaici ne babbar matsalarsu ko da ba shi suka kawo ba.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne kama zance na farko a riƙe. Ma'aikaci ya ji labari daga baki ɗaya, ya yanke hukunci a ransa, daga nan duk bayanin da ya zo sai ya lanƙwasa shi ya dace da abin da ya riga ya ɗauka. Maganinsa a riƙa ajiye bayani fiye da ɗaya a buɗe, a kuma nemi hujja daga wurare dabam-dabam. Kuskure na biyu lissafa nakasu kawai. Uwar da ta riƙe yara huɗu shekara uku ba mai taya ta tana da wata dabara da ta sa suke raye, kuma a kan wannan dabarar za a gina mafita. Rahoton da babu ƙarfin iyali a cikinsa rabin rahoto ne.

Wasu ƙa'idoji an koye su ne da jini. A watan Fabrairun 2000 wata yarinya 'yar shekara takwas, Victoria Climbié, wadda aka ɗauko riƙo daga Kwaddibuwa, ta mutu a Landan a hannun mai riƙonta da saurayin matar, da raunuka 128 a jikinta. Ofisoshin jin daɗin jama'a sun san da ita, asibitoci biyu sun gan ta, 'yan sanda ma haka. Kwamitin binciken mutuwarta da Lord Laming ya jagoranta, wanda ya fitar da rahoto a 2003 da shawarwari 108, ya nuna an sami dama aƙalla goma sha biyu ta ceton ta aka bari ta wuce. Abubuwan da aka kasa yi ƙanana ne: a zauna da yarinyar a saurare ta da kyau, a karanta fayil daga farko, a tabbatar saƙon da asibiti ya aika ya isa hannun wanda zai yi aiki da shi, a daina ɗaukar maganar babba a matsayin gaskiya don kawai ya iya magana. Dokar yara ta Ingila ta 2004 daga nan ta fito. Shi ya sa za a yi ta nanata muku: a ga yaro shi kaɗai, da harshen da yake ji, kada mai riƙonsa ya zama tafinta. Kada a yi masa tambaya mai sa amsa a baki, irin su “shi ne ya dake ka, ko?”, domin tana gurɓata shaida a kotu. Kada a yi masa alkawarin ba za a gaya wa kowa ba. Haka kuma idan ana zargin duka a gidan aure, ba a haɗa miji da mata a zama ɗaya don jin ba'asi, kuma lokacin da mace take shirin barin gidan yana cikin mafi haɗari, saboda haka tsarin tsira ake fara yi kafin a ce mata ta tashi. Wanda kuma aka ga alamar yana tunanin kashe kansa, kai tsaye ake tambayarsa. Tambayar ba ta sa masa tunanin a rai, rashin yin ta ne ke barin sa shi kaɗai da shi.

Bayan bincike sai tsari, kuma a rubuce: me za a cim ma, wa zai yi me, zuwa yaushe. “A inganta rayuwar iyali” buri ne, ba wanda zai iya auna shi. “Uwa ta ga likita kafin ƙarshen mako mai zuwa, gwaggo ta riƙe ƙanana kwana uku a mako, yaro ya koma aji ranar Litinin, a sake zama bayan mako huɗu” shi ne tsari. Akwai hanyar aiki da William Reid da Laura Epstein suka tsara a Shikago a 1972, inda ake zaɓar matsala biyu ko uku da mutumin da kansa ya yarda su ne damuwarsa, a yi zama kamar shida zuwa goma sha biyu, kowane zama da aikin da za a yi kafin na gaba. Amfaninta shi ne tana hana kes ya yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Tsarin da ma'aikaci ya zauna a ofis ya rubuta shi kaɗai yakan mutu a mako na biyu, sai a rubuta cewa iyalin “ba su ba da haɗin kai ba”, alhali ba a taɓa tambayar su ko suna da kuɗin mota zuwa wurin da aka tura su ba.

Rubutun fayil fa, kada ki raina shi. Ana raba abin da aka gani da abin da aka ji da abin da ake zato. “Uba mashayi ne” hukunci ne. “Da ƙarfe goma na safe na tarar da shi yana tangaɗi, yana warin giya, matarsa ta ce haka yake kwana uku a mako” shi ne bayani. A rubuta a ranar ko washegari, da kwanan wata, a kuma rubuta shi kamar mai kes ɗin zai karanta, domin a ƙasashe da yawa yana da haƙƙin karantawa, wani ma sai ya girma zai zo neman fayil ɗin yarintarsa. Rufe kes ma aiki ne: a sanar da wuri, a duba abin da aka samu, a bar wa mutum hanyar dawowa.

Ga abin da ya fi nauyi, wanda ƙasidun talla na jami'o'i ba su cika faɗa ba. Ma'aikacin nan yana riƙe da taimako a hannu ɗaya, iko a ɗaya hannun. Rahotonsa na iya sa kotu ta raba uwa da ɗanta. A Ingila ma'aikacin da aka ba izini na musamman yana iya neman a tsare mai taɓin hankali a asibiti ba da son ransa ba. Kuma an yi ɓarna da wannan iko. A Ostireliya an shafe shekaru da dama ana ɗauke 'ya'yan 'yan asalin ƙasar daga iyayensu da sunan kyautata musu, har sai a 2008 Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a majalisa. A Kanada an yi makamancin haka musamman a shekarun 1960, da hannun hukumomin kula da yara. Yawancin masu yin sun ɗauka alheri suke yi, sun ɗauki talauci a matsayin sakaci, sun ɗauki bambancin al'ada a matsayin rashin tarbiyya. Daga irin wannan ne kundin ɗa'a ya samo tsananinsa. Baligi mai hankali yana da 'yancin zaɓar abin da ke a ganinki kuskure ne, naki shi ne ki tabbatar ya san sakamakon. Sirri wajibi ne, sai inda ran wani ke cikin haɗari, ko ana cutar da yaro, ko kotu ta ba da umarni. Ba a soyayya da mai kes, ba a kasuwanci da shi, ba a rance tsakani, ba a ba shi kuɗi daga aljihu. Wannan na ƙarshen yana yi wa masu taushin zuciya wuya, amma ranar da kika bayar, gobe idan ba ki bayar ba kin zama mai rowa, kuma ya daina gaya miki gaskiyar abin da yake samu.

Duk abin da na bayyana aikin mutum ɗaya ne ko iyali ɗaya. Akwai aiki da rukuni, kamar zaman masu fama da shaye-shaye ko iyayen yara masu naƙasa, akwai aiki da unguwa baki ɗaya, akwai kuma bincike da tsara manufofin gwamnati. Wuraren aiki sun haɗa da asibiti, inda aka ɗauki ma'aikaciya ta farko, Mary Stewart, a wani asibitin Landan tun 1895, da makarantu, kotuna, gidajen gyaran hali, sansanonin 'yan gudun hijira, gidajen tsofaffi da ƙungiyoyin agaji. Albashi a yawancin ƙasashe bai kai nauyin aikin ba, gara ki sani tun yanzu. Gajiyar zuciya ma gaskiya ce, mai jin labarin fyaɗe da duka kullum yana iya fara rashin barci ko ya bushe ya daina jin tausayi. Garkuwar da sana'ar ta tanada ita ce zama na musamman da babban ma'aikaci, aƙalla sau ɗaya a wata, sabon shiga kuma fiye da haka, a bi kes-kes ɗaya bayan ɗaya, a kuma tambayi yadda aikin ke taɓa ma'aikacin. Idan za ki karɓi aiki, ki tambaya ko ana yin wannan zama da kuma kes nawa ake ɗora wa mutum ɗaya.

A aji za ki karanta girman ɗan Adam daga haihuwa zuwa tsufa, ilimin zamantakewa, dokokin iyali da na yara ciki har da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 kan haƙƙin yara, manufofin walwala, dabarun hira, da hanyoyin bincike da lissafin alƙaluma. Kada ki guje wa doka da lissafi, su ne ke sa a saurare ki a teburin da likitoci da lauyoyi suke zaune. Amma inda ake zama ma'aikaci shi ne aikin koyo a fili. A Amurka ana buƙatar aƙalla awa 400 a digiri na farko da 900 a na biyu, a Ingila kwana 200 har da ranakun koyon dabaru. A can za a sa ki wani atisaye mai ban haushi: ki yi hira da mai kes, ki dawo ki rubuta ta kalma-kalma gwargwadon abin da kika tuna, a gefe ɗaya abin da aka faɗa, a gefe na biyu abin da kika ji a ranki a lokacin, a na uku dalilin da ya sa kika faɗi abin da kika faɗa. Mai duba aikinki zai bi shi da jan biro, layi-layi. A nan ɗalibai da yawa suke gano cewa su suka cinye rabin hirar da surutu, kuma a daidai wurin da mai kes ɗin ta fara kusantar abin da ya kawo ta, suka tsorata suka canza magana.